Inji Mai Tabo

Daga Bodinga har Shagari, kai har ka gangara ka fita ƙasar Sakkwato gaba ɗaya, ba a haifi mutumin da zai cuce ni ba. Ba fariya ba ce, sana'a ce. Yadi nake sayarwa tun gemuna bai tsiro ba. A rufe mini ido a miƙo mini shadda, da ɗan yatsa guda zan gaya maka ta ƙwarai ce ko jabu, in ka matsa ma in gaya maka abin da masaƙinta ya karya kumallo da shi. Dillalai in sun hango ni sai su sake layi. Akwai wanda ya taɓa yunƙurin sayar mini da atamfa mai zuba, har yau in muka haɗu sai ya tuna yana da uzuri a bayan kasuwa.

To, an cuce ni. Kuma ba wani ɗan damfara daga birni ba. Ɗan kawuna ne, wanda muka tashi muna cin tuwo a kwano ɗaya, ya yi mini ita da rana tsaka ina tsaye ina zuba masa godiya.

A kan mota ne aka yi abin. Motar ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Irin ƙananan nan ce na da, marasa shan mai, waɗanda in ka zuba musu kwalba guda sai su kai ka su dawo da kai su tambaye ka ko akwai wani aike. A cikinta yake ɗaukar yadi zuwa kasuwanni, a cikinta na koyi tuƙi da ciniki da yadda ake shan faɗa ba a tanka ba. Da aka zo rabon gado, 'yan'uwana suka raja'a a kan gona, ni na ce a bar mini motar. Jikinta duk faci ne, ƙofar baya da igiya ake riƙe ta. Amma injin! In ka murza makulli sai ya yi tari kamar dattijo zai fara magana, sannan ya tashi, a ƙarƙashin rurinsa kuma akwai wata 'yar ƙara, ƙil-ƙil-ƙil, kamar cokali a kofin shayi. Baba ya hana kowane bakanike ya taɓa ƙarar nan. Ya ce sallamarta ce. Tun da na san motar ba ta taɓa kwana a kan hanya ba.

Aibinta ɗaya: ba ta sauri. Na taɓa tsayawa in rage wa wata tsohuwa hanya, ta leƙo ta dubi motar ta ce, "Na gode ɗana, sauri ni kai." Jakunan da ke kai albasa kasuwa sun san ni, muna gaisawa in za su wuce. Duk wannan na jure. Abin da na kasa jurewa shi ne ranar da babur mai ƙafa uku, cike da mata da kwanuka da akuya, ya wuce ni a kan hanyar Shagari, direban ya miƙo hannu yana yi mini alamar in kama gindinsa ya ja ni. Matan suka kwashe da dariya. Har akuyar sai da ta waiwayo.

A cikin makon da abin ya faru ne wani saurayi ɗan birni ya zo rumfata sayen shadda, a cikin wata mota da ba ta fi tawa girma ba. Da zai tafi ya taka ta, sai ta yi wani fito, fiiiit, ta ɓace kafin in gama ninke ragowar yadin. Da ya dawo karɓar hular da ya manta na riƙe shi. Na ce me ya ba motar nan ta ci? Ya ce ai tabo aka sa mata. Na ce tabo, irin wanda gyambo ke bari? Ya yi dariya ya ce a'a, sunan Turawa ne, haka dai bakinmu ke faɗarsa. Ya buɗe murfin injin ya nuna mini: wani ƙarfe ne a nannaɗe kamar katantanwa, wai shi ke ɗura wa inji iska har ya manta shekarunsa. Ya ce tawa ta tsufa da a ɗora mata shi, sai dai a sauke injin gaba ɗaya a sa wani wanda ya zo da tabonsa.

Ban tsaya ko'ina ba sai garejin ɗan kawuna a Shagari. Bakanike ne, kuma taubashina ne, tun da ubansa da Innata ciki ɗaya suka fito. Kowa ya san yadda taubasai suke. Ni in kira shi bawana, shi ya kira ni bawansa. Na taɓa zuba masa barkono a fura ranar da ya je gaishe da surukansa, shi kuma ya taɓa aika wa matata cewa an gan ni ina tambayar farashin akwatunan lefe. Haka muke, ba mai fushi. Amma wasanmu yana da iyaka, ko dai ni na ɗauka yana da ita. Ranar da Baba ya rasu shi ya riƙe ni a bakin kabari. Bai yi mini wasa ba har aka yi sadakar arba'in.

Na zauna a kan wata tsohuwar taya na yi masa bayani dalla-dalla. Na zana masa katantanwar a ƙasa da tsinke. Na yi masa fiton da bakina har masu shayi na tsallaken titi suka juyo. Ina so a riƙe wannan: ya san abin da nake nufi. Ya sani sarai.

"Bawana, kai da gudu?" in ji shi. "Tumbin ga naka kaɗai ya isa ya kashe tabo ukku."

"Kai dai samo min. Wanda in na taka shi a Bodinga sai an riƙe ni a Shagari."

"An gama. Akwai mutumena da ka kawo su daga Kwatano."

Na ba shi abin da ya nema ban ko yi tayi ba, ni da nake tayi har da mai ƙuliƙuli. Sannan na daina dariya, na kama hannunsa. Na ce sharaɗi ɗaya: injin Baba ba na sayarwa ba ne, ba na musaya ba ne. A sauke shi a hankali, a lulluɓe shi da buhu, a aje mini, zan zo in kai shi gida in sa shi a zaure. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba. Ai ni ma ubana na. Amana ta."

Motar ta daɗe a wurinsa. Yau a ce injin yana kan iyaka, gobe a ce ya iso Sakkwato ana neman motar da za ta kawo shi. Ni kuwa ina bin motar haya da ƙunshin yadi a cinya, ina gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ni cewa ya more ganina yanzu, don nan gaba sai dai ya ji iskata.

Ranar da ya kira ni na sa babbar riga. Ya wanke motar, ya buɗe murfin, ga inji an shafe shi da baƙin fenti yana ƙyalli, ga kuma katantanwa a gefe, fara fat, an ɗaure ta da sababbin kusoshi. Ya tayar. Jama'a, tantabarun da ke kan rufin garejin ba su dawo ba sai bayan sati. Ruri kamar tirela, a ƙarshensa kuma ga fiton nan, fiiiit. Hawaye ya kusa zubo mini. Amma ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne, sai na ce masa, "Rantse min injin ga da tabo."

Ya ɗaga yatsa sama. "Wallahi tallahi, injin ga da tabo nai. Babba ma kuwa."

Na tambayi na Baba. Ya nuna mini wani tudu a lungu, an lulluɓe da buhunan albasa an ɗora taya a kai. Ya ce in bari ya samu mai kura ya kawo mini har gida. Na gode masa. Na ƙara gode masa. Na ce a gaban yaransa da masu shayi, duk wanda ba shi da taubashi irin nawa maraya ne.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata, ban cire ranar aurena ba. Kafin in iso kasuwa an san na taso. Ina isa sai in buɗe murfin injin in jingina, mutane su taru, ni kuma in yi ta wa'azin katantanwa. Na gaya musu na bar Bodinga ana kiran sallar azahar na iso Shagari liman bai gama alwala ba. Na ce wani ɗan sanda ya ɗaga mini hannu, kafin ya sauke shi na kai gida na ci abinci. Gaskiya, jakunan nan sun ci gaba da wuce ni jefi-jefi, amma na ɗauka firgita suke yi da ƙarar. Abin da ya ɗan dame ni shi ne ƙishirwar injin. Ruwa yake sha kamar raƙumin da ya dawo daga Azbin, baƙin mai kuma kamar da shi yake miya. Na yi wa taubashina waya, ya ce, "Haka tabo shike. Mai gudu ai dole shi sha ruwa." Na ce gaskiya ne. Na sayi jarka biyu na aje a baya.

Wata ranar kasuwar Shagari, da hantsi, na ɗauko yadi har rufi. Na wuce rabin hanya, daidai inda gonakin gero suka yi layi hagu da dama, sai na ji wani tas! a gaba. Tururi ya turnuƙe gilashi. Fiton ya yi wani dogon kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, ya mutu. Motar Baba, wadda ba ta taɓa tsayawa a hanya ba tun ina saurayi, ta gangara gefen kwalta ta yi shiru.

Ina tsaye cikin babbar riga ina fifita injin da hula, sai na ji wata mota tana tahowa daga baya. Ban juya ba tukuna. Jikina ne ya fara ganewa kafin kaina. A ƙarƙashin rurinta akwai ƙil-ƙil-ƙil.

Wata tsohuwar mota ce irin tawa sak, an cire kujerun baya an danƙara mata buhunan albasa har ta zauna a kan tayoyinta. Direban, wani baƙin mutum mai fara'a daga wajen Danchadi, ya tsaya ya fito yana yi mini sannu. Na ce ya kashe motarsa ya sake tayarwa. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, amma ya yi. Ta yi tarin dattijon nan, ta tashi.

Na ce, "Malam, motar wa ta?"

Ya ce ta wani bakanike ce a Shagari, shi tuƙi kawai yake yi ana raba abin da aka samu. Ya ce da can wahala take ba shi, injinta ya tsage an yi masa walda, kullum a hanya. "Amma kwanan baya maigidan yas samo muna wanga. Tsoho na, amma wallahi ko tari ba ya yi sai na gaisuwa."

Ya leƙa cikin nawa don ya ga abin da ya faru, sai ya yi turus. Ya kankare fentin da farce, a gefen injin ga wani dogon ɗinkin walda kamar kunya a gona, ɗinkin ya sake buɗewa yana zubar da ruwa. Ya ce, "Ikon Allah! Ga tsohon injinmu nan!" Sannan ya ƙwanƙwasa katantanwata, ta yi ƙara kamar gwangwani. Ya ce, "Alhaji, wanga kuma na mine? Kan injin ban-ruwa na hwa, irin wanda mu ka jan ruwa da shi a fadama." Ya kama ta ya girgiza. Ba a haɗa ta da komai ba. Kusoshi ne kawai suka riƙe ta a jikin ƙarfe. Fiton kuwa, da muka zagaya baya muka leƙa, usur ne aka cusa a bakin salansa, salansar ma an huda ta don ta yi ruri.

Babu Kwatano, babu kan iyaka. Ɗan kawuna ya sauke injin ubana ya sa a motar albasarsa, ya sauke fasasshen nasa ya sa mini, ya karɓi kuɗina a kai.

Direban albasar ya ɗaure motata da igiya ya ja ni. Injin Baba ne ya ja mu, da albasar da yadin da ni da tumbina, har cikin Shagari, bai ko yi nishi ba. Ina zaune a baya ina riƙe da sitiyarin da ba ya aikin komai, ina jin cokalin nan a kofin shayi yana tafe a gabana cikin motar wani. Na saba in mayar da kowane abin kunya labari tun kafin ya huce. Wannan na neme shi da abin dariya a duk tsawon hanyar, ban samu ba.

A ƙofar garejin aka kwance ni. Na wuce kai tsaye lungun nan na yaye buhunan. Tsofaffin tayoyi ne da wata matacciyar giyar mota. Taubashina ya fito yana goge hannu, ya dubi motocin biyu a jere, ya dubi fuskata, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Bawana, an kama ni!"

Na ce, "Ka rantse da Allah."

"Na rantse, kuma ban yi kaffara ba. Mi nac ce? Nac ce injin da tabo nai. Zo ka gani." Ya ja ni ya ɗora yatsana a kan waldar. "Wanga ba tabo ba na? Duk Shagari akwai tabon da yak kai shi?"

Masu shayi suka faɗi ƙasa don dariya. Wani har shayin ya fito masa ta hanci. Na tsaya ina jira a gama. Na ce masa a hankali, ba maganar tabo nake ba, ba maganar kuɗi nake ba. Injin Baba na ba ka amana. Ya ce, "To ai ga shi nan lahiya lau, shina aiki. Da zaure za ka kai shi kaji su yi ƙwai bisa." Aka sake kwashewa. Na duba idonsa ina neman mutumin da ya riƙe ni a bakin kabari. Yana ciki, na san yana ciki, amma ya ɓuya a bayan dariyar ya ƙi fitowa.

Nan na gane irin ramin da na faɗa. Da baƙo ne ya yi mini haka, da duk kasuwa ta taya ni. Amma taubashi ne, kuma ni ne. Duk wanda na kai wa kuka sai ya fara murmushi tun ban kai rabi ba, yana jiran inda zan ƙara gishiri. In na ce wallahi wannan karon ba ƙari, sai a ce ai nan ne ma ya fi daɗi. Labarin ya riga ni isa Bodinga. Yara suna bina suna fiiiit. Wani tela ya aiko a tambaye ni ko ina da shadda mai tabo.

Na kai ƙara wurin Kawu, uban shi wanda ya yi mini. Na cire takalmi na durƙusa na ce, "Allah shi ba ka yawan rai, ɗanka ya ci amanata." Na faɗi komai ba ƙari ko na ƙwayar gero, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yaye ni. Kawu ya saurara yana jan carbi, gemunsa yana rawa. Na ɗauka ɓacin rai ne. Ashe dariya yake dannewa.

"Usur?" in ji shi. "Cikin salansa?"

"Cikin salansa, Kawu."

Ya juya baya ya yi tari mai tsawo. Da ya dawo ya ce rantsuwa dai ba ta kama yaron ba, tun da tabo akwai shi. Wasan taubasai kuma ba a kai shi gaban manya, in aka fara yau, to sai a tono barkonon da aka zuba a fura. Amma don zumunci, a mayar wa kowa da injinsa. Aka kira taubashina ya durƙusa ya ce ya ji ya bi, sai dai a yi masa haƙuri a gama kwasar albasa, don mutane sun riga sun ba da kayansu.

Aka gama kwasar albasa. Ya ce a bari a shigo da gero. Aka shigo da gero, ya ce abin ɗaga injin ya lalace. Abin ɗaga injin ya warke, albasa ta sake nuna. Kuɗina ya aiko mini da su a cikin leda ta hannun wani, har da goro a kai, na mayar masa. Ba su na nema ba. Motata tana ƙofar gida a kan duwatsu, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Ni na koma motar haya. Wani lokaci ina zaune a tasha sai in ji ƙil-ƙil-ƙil ya wuce ta bayan rumfuna, in yi shiru a tsakiyar labari, mutane su ce ci gaba mana, in ce na manta inda na tsaya. In mun haɗu da shi wurin suna ko jana'iza yakan ce, "Bawana!" da ƙarfi yadda ya saba. Ina amsa masa da "Lahiya lau." Ya san bambancin. Shi kaɗai ne ya sani a duk dangi, kuma har yau bai zo shi kaɗai ya zauna ya ce mini ya yi ba daidai ba.

Mutum ɗaya ta rage wadda na tabbata in ta yi magana injin zai dawo a ranar: Inna. Goggonsa ce, ba ya ƙetare maganarta, kuma mijinta ne mai injin. Na daɗe ina jinkiri don ba na so in tayar mata da hankali, ga tsufa. Wata Juma'a na shirya na tafi ƙauyenmu a bayan Shagari, na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta sa aka kawo mini tuwo. Na ture shi gefe, don a ga girman abin. Na fara tun daga farko. Na kawo mata Baba da guminsa, na kawo amana, na kawo igiyar da aka ja ni da ita a gaban duniya. Na ce Inna, ɗan ƙanenki ya raba ni da abu ɗaya da ya rage mini na ubana. Muryata ta karye, kuma ba da gangan ba.

Ba ta yi dariya ba. Ita kaɗai ce ba ta yi ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta har na yi shiru, sannan ta hure ƙaiƙayin, ta tura mini kwanon da ƙafa.

"To mi ka ka so in yi?" in ji ta. "Injin dai ya koma hannun mai son shi. Ci tuwonka kar shi huce."